Tsuntsayen Ƙofar Gidanmu

Darasin iyali na wannan wata

Karatu: Kubawar Shari'a 22:6, 7, Matta 6:25-27, Luka 12:6, 7
Ayar haddacewa: Luka 12:6

Gabatarwa

Ran wata Lahadi cikin bazara, bayan an tashi daga sujada, muka ratsa gidan wani ɗan'uwa a Unguwar Rimi domin mu gai da tsohuwarsa. Muna zaune a gindin mangwaro, sai ga yaron gidan, ɗan wajen shekara 9, ya shigo a guje, danƙo a wuyansa, kurciya a hannunsa, kanta yana reto. Murna ya ke yi ƙwarai, gama harbi ɗaya ya yi mata.

Tsohuwa ta dube shi, ta ce, "Zo nan, maigidana. Ina ka samo mana nama?" Ya ce, "A bisa gwaibar bayan ɗaki, Kaka." Ta ce, "Koma ka leƙa gwaibar nan da kyau, ka zo ka faɗa mini abin da ka gani." Ya tafi, ya daɗe. Da ya komo, murna ta ƙare. Ya ce, "Kaka, akwai 'ya'ya biyu a cikin sheƙa." Ta ce, "To, maigida, wa za ya rufe su da dare?"

Ba a buge shi ba, ba a kuwa zage shi ba. Amma mu manya da ke zaune muka yi shiru, domin dukanmu mun aikata haka cikin ƙuruciyarmu, kuma ba mu tuna wanda ya taɓa yi mana irin wannan tambaya ba. Dalilin wannan darasi ke nan. Yadda gida ya ke yi da ƙananan tsuntsaye makaranta ce ga 'ya'yansa. A wurin za su koyi tausayi ko kuwa taurin zuciya, kuma abin da suka koya a kan tsuntsu, shi za su yi wa mutum in sun girma.

1. Maƙwabtan da muka iske a nan

Kaduna ba tsohon birni ba ne kamar Zariya ko Kano. A 1917 ne Turawa suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan. Kafin a ja titi na fari, tsuntsaye suna nan a bakin kogi da cikin kurmi. Sunaye kamar Unguwar Rimi da Ƙofar Gamji suna tuna mana da manyan itatuwan da su kan kwana a kai. Watau mu ne baƙi, su ne 'yan gari. Littafin Farawa ma haka ya nuna, gama a rana ta biyar aka halicci tsuntsaye, aka sa musu albarka, mutum kuwa sai a rana ta shida.

Masana sun ƙidaya irin tsuntsaye fiye da 900 a Nijeriya. Amma in muka tambayi yaranmu na Kawo ko Malali ko Unguwar Sarki, da ƙyar su kawo suna 10. Bari mu tuna da kaɗan daga cikin waɗanda mu ke gani ba tare da mun bar unguwa ba.

Akwai kurciya mai kuka da sassafe. Ƙwai biyu ta kan yi, macen da namijin kuwa suna karɓa-karɓa wajen kwanci da ciyar da 'ya'ya. Akwai hazbiya mai jan da'ira a ido, wadda ta kan zauna a ƙarƙashin rufin kwano. Akwai tsada, 'yar ƙarama, mai tsince-tsince a tsakar gida inda mata suka yi sheƙa da tankaɗe. Akwai marai, masaƙi, wanda ya kan tsage ganyen ciyawa da baki ya saƙa ɗakinsa ya rataye a ƙarshen reshe, ƙofa tana duban ƙasa, domin maciji ya sha wuyar shiga. Akwai balbela, wadda ta kan bi shanu tana cin fāra da ƙwarin da kofatonsu ya tayar, da maraice kuma a ga jerinsu fari fat suna bin kogi zuwa makwanci. Akwai hankaka da shirwa da cilakowa, da zalɓe mai tsayuwa cikin ruwa kamar an dasa shi.

Waɗansu kuwa matafiya ne. Shamuwa ta kan bayyana gab da damina, ta yi sheƙa a bisa itatuwa a tsakiyar ƙauyukan ƙasar Zazzau da Kano da Katsina. In ruwa ya ɗauke ta tashi zuwa gabashin Afirka da kudancinta. Manomanmu sun san cewa in an ga shamuwa, lokacin gyaran gona ya yi, shi ya sa ba a taɓa ta. Annabi Irmiya (8:7) ya kafa misali da ita, da kurciya da tsattsewa. Ya nuna cewa tsuntsayen nan ba su kuskure lokacin tafiya da komowarsu, amma jama'ar Allah sun kasa gane abin da Ubangijinsu ya ke so. Wanda bai taɓa lura da zuwan shamuwa ba, ƙaƙa za ya ji zafin wannan tsawa?

Cikin tsattsewa ma akwai masu zama tare da mu dukan shekara, akwai kuma baƙi daga Turai, waɗanda su kan ƙetare teku da Hamadar Sahara su zo mana bayan damina, su koma wajen Maris ko Afrilu. Nauyin ɗaya wajen giram 20 ne kawai. Da daɗewa mutanen Turai ba su san inda tsuntsayensu su ke ɓacewa da sanyi ba, har waɗansu suna tsammani cikin laka su ke kwana. A 1822 aka harbo wani farin tsuntsu, dangin shamuwa, kusa da garin Klütz a Jamus, aka iske mashin Afirka soke a wuyansa. Da mashin ya yi dukan tafiyar nan. Yana ajiye har yau a jami'ar Rostock, yana shaida doguwar hanyar da Mahalicci ya ke bi da su.

2. Dokar sheƙa

Yanzu sai mu buɗe karatunmu na fari, Kubawar Shari'a 22:6, 7, littafin da sabon juyi ya ke kira Maimaitawar Shari'a. Musa yana ba Isra'ila dokoki a kan dabbar maƙwabci da ta ɓata, da katangar da za a yi wa soro domin kada wani ya faɗo. A tsakiyar waɗannan sai ga doka a kan sheƙar tsuntsu. Mutum yana tafiya, ya iske sheƙa a itace ko a ƙasa, uwa tana kwance a kan ƙwai ko 'ya'ya. An yarda masa ya ɗauki 'ya'yan in yana bukata, amma an hana shi haɗawa da uwar. Dole ya sake ta. Mu lura da abu uku.

Na fari, doka ce a kan abin da ba mai gani. Ba alƙalin da za ya zauna a kan shari'ar kurciya, ba kuwa mai kawo ƙara. Mutum ne shi kaɗai a hanya, da Allahnsa. Halin mutum na gaskiya a nan ya ke bayyana, wurin da ya fi ƙarfin abin da ke gabansa kuma ba wanda za ya tambaye shi.

Na biyu, dalilin da ya sa uwar ta kamu shi ne ƙaunarta. A wani lokaci da ta ji motsi sai ta tashi. Amma saboda 'ya'yanta ta tsaya. Allah bai yarda a mai da amincin uwa ya zama tarkonta ba. Ubangiji Yesu da kansa, sa'anda ya yi makoki a kan Urushalima (Matta 23:37), da kaza mai tattara 'yan tsakinta ya kwatanta kansa.

Na uku, dubi alkawarin da aka ɗaura wa wannan ƙaramar doka: zaman lafiya da tsawon kwana. Irin alkawarin ke nan da aka ɗaura wa dokar girmama uba da uwa (Kubawar Shari'a 5:16). Akwai hikima a ciki wadda kowane manomi ya sani, gama wanda ya cinye iri ba ya shuka baɗi. In an bar uwa, za ta sake yin ƙwai. In an kwashe duka, an yanke zuriya, ƙasa kuwa ta yi hasara.

Ba mu ce mu Kirista muna ƙarƙashin dukan ka'idodin Musa ba. Amma Allahn da ya ba da dokar bai sāke ba, kuma dokar tana nuna mana zuciyarsa. Misalai 12:10 ya sa kula da ran dabba cikin alamun adali.

3. Sa'anda tsuntsaye suka ƙare

Wani za ya ce, "Tsuntsaye ba su ƙarewa." Dattawanmu su ba da shaida. Waɗanda suka girma a Kaduna sun tuna lokacin da ungulu ta ke cika mahauta da bakin kasuwa, tana jere a kan rufi. Yaya yau? Yaro ya kan gama makarantar firamare bai ga ko ɗaya ba. Ya san karin maganar cewa ungulu ba ta jewar banza, amma bai san ungulun ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin waɗanda su ke dab da ƙarewa. Guba tana kashe su, sare manyan itatuwa yana hana su wurin sheƙa, masu farauta kuma suna kama su domin a sayar da kai da ƙafafu ga masu tsubbu. Hakanan gauraka, mai kambin zinariya a kā, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, ganinta a dajinmu ya zama da wuya ƙwarai.

Ungulu ba kyakkyawa ba ce, amma ma'aikaciyar tsabta ce wadda ba a biya. Ƙasar Indiya ta koyi wannan da hawaye. Cikin shekarun 1990 makiyaya suka soma ba shanu wani maganin ciwo mai suna diclofenac. Ungulun da ta ci mushen saniyar da aka ba maganin, ƙodarta ta kan lalace ta mutu. Cikin 'yan shekaru fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗansu irin ungulu suka hallaka. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, ruwa ya ƙazantu, karnukan sake suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. An hana ba dabbobi maganin a 2006, amma ɓarna ta riga ta auku. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane wajen 500,000 daga 2000 zuwa 2005.

Ƙasar Sin ma haka. A 1958 gwamnatinta ta umurci jama'a su hallaka gwara, wai tana cin hatsi. Aka yi ta buga tukwane da ganguna ana hana su sauka har suka riƙa faɗowa don gajiya, aka farfasa ƙwai, aka rushe sheƙa. An manta cewa gwara da ƙwari ta ke ciyar da 'ya'yanta. Fāra da tsutsa suka sami sake, suka faɗa wa gonaki. A 1960 aka janye umurnin. Babbar yunwar da ta kashe miliyoyin mutane a ƙasar daga 1959 zuwa 1961 tana da dalilai da yawa, amma wannan yana cikinsu.

A nan kusa da mu, dajin Afaka wajen Mando, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, gatari da gine-gine sun cinye babban yankinsa. A cikin gari kuma, duk wanda ya sayi fili, abu na fari shi ne ya sare itace ya malale ƙasa da siminti. Ba da mugunta mu ke yi ba. Amma kaɗan-kaɗan muna haɗa uwa da 'ya'ya, muna kuwa barin wa jikokinmu gari mai zafi wanda ba kukan tsuntsu a cikinsa.

4. Camfi da tsoro

Dole mu faɗi wata magana mai nauyi, gama ta shafi bangaskiya. In mujiya ta yi kuka a kan rufi, har cikin gidajen masu bi a kan ce mutuwa ta zo, ko mayya ce ta rikiɗa, sai a tashi yara su jefe ta. Ya 'yan'uwa, mujiya tsuntsuwa ce kawai. Da dare ta ke farauta domin haka aka yi idonta da kunnenta, abincinta kuwa ɓera ne da jaɓa. Wanda ya kashe mujiya, ɓerayen rumbunsa ya yi wa alheri. Ranmu yana hannun Allah, ba a bakin tsuntsu ba.

Gaskiya ne Littafin Firistoci sura 11 ya lissafa mujiya da ungulu da hankaka cikin tsuntsayen da Isra'ila ba za su ci ba. Amma hana ci daban, la'ana daban. Hankakin nan da aka hana ci, shi Allah ya aika ya kai wa Iliya abinci safe da yamma a bakin rafin Kerit (1 Sarakuna 17). A Luka 12:24 kuma hankaka ne Ubangiji ya zaɓa domin ya nuna ciyarwar Uba.

Akwai kuma waɗanda su kan tafi a ɓoye su sayi kan ungulu ko mujiya domin neman sa'a, ko cin jarrabawa, ko kāriya. Mai bi da ya yi haka ya yi zunubi biyu. Ya juya wa Mai Cetonsa baya ya dogara ga mushe, kuma da kuɗinsa ya biya a hallaka halittar Allah. Iyaye su yi wa 'ya'yansu wannan magana a sarari. Haka kuma mu kiyaye ɗaya gefen: ba mu yi wa tsuntsu sujada, ba mu duba da tashinsa. Muna jin daɗin aikin hannu, muna yabon Mai aikin.

5. Tambaya mai wuya

Wani ɗan'uwa manomi za ya ce, "Ku na birni magana tana yi muku sauƙi. Ku zo ku ga jan baki ya sauka a gonar gero ko shinkafa. Ku ga shirwa ta ɗauke ɗan tsakon da mu ke sa rai da shi." Maganarsa gaskiya ce, ba za mu raina ta ba. Garken jan baki ya iya lalata wahalar shekara cikin 'yan kwanaki. Littafi bai hana mutum tsare gonarsa ba, bai kuwa hana cin nama ba (Farawa 9:3). Dokar sheƙa da kanta ta yarda mai bukata ya ɗauka. Yusufu da Maryamu ma kurciyoyi suka kawo haikali, hadayar matalauta (Luka 2:24).

Abin da dokar ta yi shi ne ta ja iyaka. Akwai bambanci tsakanin mai korar tsuntsaye daga gero da mai zuba guba a bakin ruwa, wadda za ta kashe kowane abu mai sha, har ta kai ga tukunyar wanda ya tsinci mushen ya dafa. Akwai bambanci tsakanin maharbin da ya kawo fakara domin iyalinsa da yaron da ya harbe tsada domin gwada hannu, ya yar. 'Yan tsaki kuwa, akurki ko kwando ya fi harbin shirwa amfani. Kafin mu ɗauki ran kowane abu, mu tambayi kanmu: bukata ce, ko wasa? Akwai wata hanya? Na bar iri?

6. Abin da kowane gida ya iya yi

Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi, ba kuwa sai an shiga daji ba. Ga shawarwari bakwai.

(a) Ruwa. Daga hunturu har ƙarshen bazara ƙishirwa ta fi yunwa damun tsuntsaye. A sami kasko marar zurfi, a sa dutse a tsakiya domin ƙanana su tsaya, a ajiye a inuwa, a bisa wurin da kyanwa ba ta iya laɓewa. A zubar a wanke a sake kowace safiya, domin kada sauro ya yi ƙwai. A ba yaro ɗaya wannan aiki ya zama nasa.

(b) Abinci. Tsakin gero ko dawa, da abin da ya zube wurin sussuka da sheƙa, ya isa. Tafi ɗaya a rana, da safe, domin kada ya kwana ya kira ɓera.

(c) Itace. Kowane gida ya bar ko da itace ɗaya. Gwaiba, gwanda, mangwaro, zogale, darbejiya, duka suna da amfani gare mu da su. Inda akwai fili, kamar harabar majami'a ko makaranta, a dasa ɓaure ko ceɗiya ko tsamiya. Kafin a sassabe reshe da damina, a duba ko akwai sheƙa.

(d) Sheƙa. A koya wa yara su duba daga nesa, kada su taɓa. Ɗan tsuntsun da ya yi gashi yana tsalle a ƙasa, yawanci iyayensa suna kusa, sai a kore kyanwa a bar shi. Wanda bai yi gashi ba a mai da shi sheƙa in ana iyawa.

(e) Danƙo. Kwace shi kaɗai ba ya gyara zuciya, gama gobe za a ɗaure wani. Uba ya jera gwangwani a kan katanga, ya yi gasa da ɗansa, ya yabi hannunsa, sa'an nan ya yi masa doka: ba a harbin mai rai don wasa.

(f) Keji. Kanari da aku da ake sayarwa a bakin hanya, yawancinsu daga daji aka kamo su, da yawa kuwa su kan mutu kafin a kai kasuwa. Saboda yawan kamu ne ƙasashen duniya suka amince a 2016 a hana cinikin akun daji mai jan wutsiya tsakanin ƙasa da ƙasa. In ba mai saye, mai tarko za ya daina. Kanarin da ya zo kaskonmu don kansa, kukansa kyauta ne.

(g) Tsabta. A Fabrairu 2006, a wata gonar kaji kusa da Jaji cikin jiharmu, aka fara tabbatar da muguwar murar tsuntsaye a nahiyar Afirka. Saboda haka kada yara su ɗauki mataccen tsuntsu ko marar lafiya da hannu, kada kuwa a ci. In an ga sun mutu da yawa wuri ɗaya, a sanar da likitan dabbobi. A raba kaskon tsuntsaye da na kaji, a wanke hannu da sabulu.

Bayan waɗannan, a sayi ɗan littafin rubutu na iyali. A rubuta sunan kowane tsuntsu da aka gani, da rana, da wuri. Yara su tambayi kakanninsu sunaye, da Hausa da kuma harshen gida, ko Gbagyi, ko Jju, ko Tyap, ko wani, gama sunayen nan suna ɓacewa tare da tsofaffi. Wata rana da rani, sa'anda ruwa ya janye, iyali su tafi lambun Gamji a bakin kogi da sanyin safiya, su ƙara sababbin sunaye. Kada a raina wannan. A Zariya aka soma buga mujallar ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya a 1964, kuma da irin wannan rubuce-rubucen aka cika ta. Yau akwai cibiyar A. P. Leventis ta binciken tsuntsaye a dajin Amurum kusa da Jos, inda 'ya'yan Afirka su ke samun babban digiri a wannan ilimi. Tun 2015 kuma tana tattara labari daga masu sa kai domin zāna taswirar tsuntsayen ƙasarmu. Wa ya sani ko mai danƙon yau shi ne malamin gobe?

Akwai wata riba kuma. Bayan tashin hankalin 2000 da na 2002, 'yan'uwa da yawa suka ƙaura zuwa kudancin kogi, mu da muka saura a arewa muna zaune tsakanin maƙwabta Musulmi. Da yawa cikinsu suna ajiye wa tsuntsaye ruwa da tsaba, suna ɗaukarsa sadaka. Kurciyar da ta sha a gidansu, ita ce ta ke ci a gidanmu. In yaransu sun leƙo don su ga kaskonmu, mu ba su wurin zama. Zumunci ya kan soma daga ƙaramin abu.

7. Tsuntsu na biyar

A ƙarshe mu komo ga maganar Ubangijinmu. A Matta 6:26 ya umurci almajiransa su zuba wa tsuntsaye ido. Umurni ne, kuma magani ne ya ba masu damuwa a kan ci da sha da sutura. Wane gida ne a cikinmu bai san wannan damuwa ba, ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta, ga tsadar mudu? Bai ce mu zauna mu naɗe hannu ba. Duk wanda ya lura da marai ya san ba malalaci ba ne, tun asuba ya ke aiki. Amma ba ya kwana da tunanin gobe, Uba kuwa yana ciyar da shi.

Mu gwada Matta 10:29 da Luka 12:6. A Matta, farashin gwara biyu ƙaramar tsaba ɗaya ce, mu ce kobo. A Luka kuwa, kobo biyu yana sayen biyar. Duk macen da ta saba zuwa Kasuwar Kawo ta gane lissafin. Kobo biyu huɗu ya kamata ya saya. Na biyar gyara ne, mai sayarwa bai ɗauke shi a bakin kome ba. Amma Ubangiji ya tabbatar mana cewa har wannan na gyara yana cikin tunanin Allah, mu kuwa darajarmu ta fi tasu nesa.

A kowace ekklesiya akwai masu jin kansu kamar tsuntsu na biyar: gwauruwa, maraya, wanda ya rasa aiki, yaron da ba ya gane karatu. Yaron da ya saba cika kasko kowace safiya domin abin da ba za ya taɓa gode masa ba, ya fi kusa da gane cewa akwai Uba mai kula da shi, ya fi kuma kusa da ganin waɗanda mutane ba su gani. Da muka sake zuwa gidan nan na Unguwar Rimi bayan wata biyu, mun iske kasko a gindin gwaiba. Tsohuwa ta ce maigidanta ne ya ke cika shi, kuma ba ya yarda kowa ya riga shi.

Tambayoyi domin iyali

1. Me aka yarda, me aka hana cikin Kubawar Shari'a 22:6, 7? Wace doka ce kuma ta ke da irin alkawarinta?
2. Waɗanne tsuntsaye ne iyayenmu suka sani a Kaduna waɗanda ba mu gani yanzu? Me ya kore su?
3. Me za mu amsa wa wanda ya ce kukan mujiya alamar mutuwa ne?
4. Ina bambanci tsakanin tsare gona da ɓarna?
5. Wane ne tsuntsu na biyar a unguwarmu, me za mu yi masa cikin wannan mako?

Aikin wata: A ajiye kasko, a buɗe littafin iyali, a kawo sunayen tsuntsaye 10 makarantar Lahadi a ƙarshen wata.

Addu'a

Ya Uba, Mahaliccin sama da ƙasa, mun gode maka domin tsuntsayen da ka sa a ƙofar gidajenmu. Ka gafarta mana ɓarnar da muka yi da gangan da wadda muka yi cikin rashin kula. Ka cire camfi da tsoro daga zukatanmu. Ka ba 'ya'yanmu ido mai lura da hannu mai tausayi. Sa'anda damuwar gobe ta danne mu, ka tuna mana cewa kai ne mai ciyarwa. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.